Numfashin Aro

A ƙauyenmu, can ƙololuwar duwatsun Bolibiya,
iska ma sai an yi tattalinta.
Baƙo in ya taka matakala uku
sai ya dafa bango yana haki.
Mu da aka binne cibiyarmu a nan mun saba,
ƙirjinmu da faɗi, maganarmu kaɗan.

Ni ce Eulogia, mai jinyar dare
a asibitin da gadonsa biyu ne kacal,
bakin filin gishirin da ido ba ya cin ƙarshensa.
Likita na Uyuni, tafiyar awa biyu,
in hanya ta ga dama.

Sha ɗaya ta gota, Basilia ta banko ƙofa.
Hularta ta faɗi, ba ta waiwaye ta ba.
Ta kwance goyo daga mayafin ulu mai ratsi
ta miƙo min Wilmer, ɗan shekara biyu.
Ba ya kuka.
Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya sani,
yaron da ke tsala ihu da sauƙi,
shirun ne ke tsinka zuciya.

"Soyayyen wake," ta ce. "Yayansa ne ya ba shi."

Leɓen kamar ya tsotsi shuni.
Fatar wuya tana lotsawa,
yana ja, yana ja, ba abin da ke shiga.

Na kifa shi a cinyata, kai ƙasa,
na doki tsakanin kafaɗu sau biyar.
Na tallabo shi ta baya,
dunƙule saman cibiya, na tura ciki da sama sau biyar.
Sai jikin ya saki gaba ɗaya
kamar rigar da ta zame daga igiyar shanya.

Uwar ta kai yatsa za ta laluba bakinsa.
Na riƙe hannunta.
Abin da ido bai gani ba,
yatsa tura shi ciki yake yi.

Kan tebur. Na danna ƙirji ina ƙirgawa.
Na ɗaga haɓa kaɗan,
kamar mai shinshinar abincin maƙwabta.
Na kifa murfin roba a hanci da baki,
na matsa jakar iska.
Ƙirji bai motsa ba.
Na gyara kan, na sake.
Ko gezau.

Fitilar leƙen maƙogwaro batirinta ya gaji,
tsoho Fermín mai gadi ya haska min tocila,
hannunsa na rawa, hasken ma na rawa.
Can bayan harshe, a bakin mashigar iska,
hanyar da ba ta fi ɗan yatsan yaron kauri ba,
ga ɓarin wake ya yi kane-kane.
Na zura hantsaki mai lanƙwasa.
Ya kuɓuce.
Na riƙe nawa numfashin, na koma.
Ya kamu.

Na matsa jaka, ƙirjin ya tashi.
Ɗan kaɗan, kamar ƙullu ya fara kumburi.
Ban cika hannu ba,
huhun yaro ba tayar mota ba ne.
Na ranta masa ɗaya, na jira.
Na ranta masa wani.
Ban san ko nawa na ranta ba
kafin ya yi tari, ya fizgi nasa,
ya callara kukan da ya fi min kowane kiɗa.

Na ɗaura masa iskar tukunya,
na buga waya a turo mota.
Sai a lokacin gwiwoyina suka tuna
cewa su ma na mutum ne.

Waken na jefa shi a kwalba,
wurin maɓalli, da tsaba, da rabin sulalla
na wasu darare.
Ba kowane abin da ke kwalbar nan
mai shi ya koma gida ba.

Da na leƙa waje neman fitilar mota,
sai ga Nilton a jikin bango, cikin sanyin da ke fasa leɓe,
ɗan shekara shida, ba wanda ya tuna da shi.
Hannunsa a dunƙule.
Na durƙusa, na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.
Sauran waken ne, gumi ya jiƙa su.

"Kana jin wannan kukan?" na ce.
Ya gyaɗa kai.
"To shigo daga sanyi. Ƙanenka ne."